Ciyawar da Ta Kashe wa Huraira Ɓerayen Masar

Kwamitin layinsu ne ya kashe wa Huraira mai kitso ɓerayen masar ɗinta, goma sha bakwai cikin goma sha tara, a daminar da ta wuce. Sun sa an fesa guba a ciyawar kangon da ke bayan gidanta a Gyaɗi-Gyaɗi, ba wanda ya faɗa mata, ta yanko ta zuba musu da hannunta. Har yau ba ɗaya daga cikinsu da ya tako ƙofar gidan ya ce mata sannu.

Wanda bai san su ba zai ce mene ne abin magana a kan ɓeran masar. Nata ba irin masu kwantaccen gashin nan ba ne da ake gani a keji a kasuwa. Masu dogon gashi ne, ya sauko ya rufe ƙafafu yana sharar ƙasa, in ɗaya ya tsaya shiru ba ka gane ina kai ina baya sai ya motsa. Mijinta, marigayi Malam Isyaku, shi ya kawo biyun farko shekara goma sha uku da suka wuce. Yana kula wa wata likita da lambun gidanta, da za ta bar ƙasar ta rasa mai karɓarsu, ta ba shi a kwali. Huraira ta leƙa ta ce, "Malam, wannan dabba ce ko tsumman goge tsakar ɗaki?" Ya ce, "Ke da kika iya gashi, ga aiki na kawo miki. Waɗannan ko kin ja ba za su ce hannunki da zafi ba."

Ƙarya ya yi, suna cewa. Ranar farko da ta sa mataji, macen ta yi ƙara har maƙwabta suka leƙo.

Huraira ta shekara talatin tana kitso a zauren gidan nan. Amaren Tarauni da Darmanawa da yawa a tsakanin gwiwoyinta suka zauna aka yi musu shuku da kalaba. Da ido ya fara rauni, yatsu suka fara ƙagewa da safe, sai 'yan mata suka koma shagunan gyaran gashi na bakin titi. Malam Isyaku ya rasu shekara shida ke nan. 'Ya'yanta biyu mata ne, ɗaya tana aure a Zariya, ɗaya a Daurawa. Gidan ya rage daga ita sai dabbobin.

Ba wanda ya koya mata kiwonsu, da kuskure ta koya. Ta fara shimfiɗa musu dusar katako daga wajen kafinta, ta ga tana maƙalewa a gashi tana cukurkuɗa shi, ta koma yayyaga tsofaffin zannuwa tana wankewa kullum. Ta gane in ba a rage gashin baya da almakashi ba, fitsari yana jiƙa shi, ƙuda ya yi ƙwai, kafin kwana uku tsutsa ta shiga jiki. Ɗaya ta rasa a haka, ba ta sake ba. Kowace safiya bayan ta karya, sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ɗaya a cinya, ta raba gashin bayansa da kibiyar kitsonta, ta kama tushen da yatsa biyu don kada ya ji ja, ta taje daga ƙarshe tana hawa sama. Inda ya ɗaure ba ta dagewa, yankewa take yi. Wanka sai ya kama dole, da ruwa mai ɗumi, ta tsane shi a zani a inuwa. Farce kuma duk wata take yanke musu. In bazara ta shigo, zafin Kano yana iya kashe su a wuni ɗaya, sai ta rage musu gashi zuwa rabi, ta jiƙa buhun algarara ta rufa a kan kejin, ta tura randa kusa su jingina da sanyinta.

Mutane sun sha roƙonta, ta sha bayarwa. Duk wanda ya karɓa, wata biyu sai ka ji gashin ya dunƙule kamar tsohuwar katifa, dabbar ta mutu. Sai ta daina, ta ware mazan daban don kada dabbobin su yi yawa su fi ƙarfinta, sai in tana son haihuwa ta haɗa su. Ita dai ba ta san wani gida a garin nan da yake da irinsu ba.

Abincinsu ɗanyen ganye ne, ba sa rayuwa a kan dusa kaɗai. Da rani sai ta taka har kasuwar Tarauni ta tsinto ɓawon kabeji da ganyen karas a wajen 'yan gwari. Da damina kuwa Allah ya hutar da ita, ga kango a bayan gida cike da ciyawa. Shekara goma sha uku duk layin yana ganinta da lauje a wurin da hantsi. Dabbobin kansu sun san ƙarar laujen idan ta ajiye shi a bakin ƙofa, sai su ɗauki kuka gaba ɗaya.

A watan Agusta aka ga maciji a kangon. Kwamitin layi, wanda Alhaji Maje mai shagon tayoyi yake shugabanta, ya yanke a fesa maganin ciyawa. Suka kira Ashiru mai feshi, shi kuma don aikinsa ya yi kyau ya ƙara piya-piya, gubar kashe ƙwari, a cikin tankin, wai har macijin ya samu rabonsa. Sanarwa an yi ta, yadda aka saba: bayan sallar la'asar Alhaji Maje ya miƙe a masallacin layi ya ce kowa ya faɗa wa iyalinsa gobe za a yi feshi, a hana yara da awaki zuwa wurin. Kowane magidanci ya koma ya faɗa a gidansa. Gidan Huraira ba magidanci.

Ashiru ya yi feshinsa gari na wayewa ya tafi. Da hantsi ta shiga da laujenta. Ciyawar koriya shar, da ɗan laima a jiki, ta ɗauka raɓa ce. Hancinta a toshe yake da mura ranar. Ta cika zani ta kawo ta zuba a babban keji. Maza biyu da ke ƙaramin keji, Dattijo da Ɗan Gayu, suna da ragowar kabejin jiya, ta ce su gama shi tukuna.

Kafin azahar ta ji gidan ya yi shiru. Ta leƙa ta tarar da su kwance, yawu yana zuba yana jiƙa gashin da ta taje da safe, ƙafafu suna rawa. Ta ruga gidan Basira, maƙwabciyarta mai aikin jinya. Basira ta ɗauki ciyawar ta shinshina, ta yar da ita.

"Inna, daga ina kika yanko wannan?"

"Inda na saba mana."

"Ba a faɗa miki an yi feshi ba? Baban su Sadiq tun jiya ya faɗa mana."

Huraira ta dube ta, ta ce, "Ni wane baban ne zai faɗa min?"

Basira ta ɗura musu gawayi da ruwa da sirinji. Goma sha shida suka mutu kafin la'asar. Ta goma sha bakwai, Gimbiya, mai ruwan zuma da fari, tana da tsohon ciki, nauyi ya hana ta turereniya, kaɗan ta ci. Ita ta rage tana numfashi, kuma ita kaɗai ce macen da ta saura. In ta tashi ta haihu, irin ya tsira.

Kwana huɗu Huraira tana riƙe da ita a cinya. Ta markaɗa karas tana ɗiga mata a baki, tana goge mata yawu da auduga, ta aske mata gashin ciki kaf don 'ya'yan su samu nono in sun zo. A rana ta uku Gimbiya ta ɗan tauni ganye, Huraira ta aika wa 'yarta ta Daurawa cewa da sauƙi. A rana ta huɗu ta zubar da 'ya'ya uku, kowanne da gashinsa a jiƙe, ba mai motsi. Ita ma ba ta kai yamma ba.

Washegari Huraira ta yafa mayafi ta je shagon Alhaji Maje. Ya bar ta tsaye tsakanin tayoyi har ya gama waya.

"Alhaji, shekara nawa kana ganina da lauje a kangon nan?"

"Inna Huraira, ai an yi sanarwa. A masallaci, gaban kowa."

"Ka gan ni a sahu?"

Ya yi 'yar dariya. "To ai ba za mu bi gida-gida ba. Ki gode wa Allah, da akuya ce da sai a ce an yi asara. In kina so a sayo miki biyu a kasuwa."

"Irin nawa ba su a kasuwa."

"Duk ba ɗaya ba ne? Gashi ne fa kawai."

Ta dubi gemunsa da ya sha mai, ta juya.

Yanzu saura Dattijo da Ɗan Gayu, maza biyu, ɗayan ya tsufa har ido ya yi fari. Tana taje su kullum, aikin da a da yake kai ta hantsi yanzu kafin shayi ya huce ta gama. Ciyawa kuwa ko a ina ta gan ta ba ta taɓawa. Da gwiwarta mai ciwo take zuwa kasuwar Tarauni, ta dawo ta wanke ganyen sau uku, ta tauna kaɗan da bakinta ta gwada kafin ta ba su. Basira ta ce in ta leƙa da rana sai ta same ta zaune gaban babban kejin da ta kasa fitarwa.

A layin nan gida biyar ne ba namiji. A ɗaya akwai tsohuwa Kulu, wadda a wannan kangon take tsinkar tafasa ta yi kwaɗo. Ranar feshin zazzaɓi ne ya kwantar da ita, shi ya hana ta zuwa.

Alhaji Maje, kai da 'yan kwamitinka da Ashirunku, ku je zauren Huraira ku tsaya a gabanta ku ce ku kuka yi, ku daina laɓewa a bayan sanarwar da kuka san ba ta isa kunnenta ba. Ku baza tambaya wajen likitocin dabbobi da masu kiwo har ku samo mata mace mai dogon gashi tun Ɗan Gayu yana da rai. Kuma daga yau kada wanda ya sake ɗaukar tankin feshi a layin nan sai an tura mace ta shiga gidajen nan biyar ɗaya bayan ɗaya ta faɗa da baki.