Wadda Kwamfuta Ta Ce Ta Iya

Na daɗe ina koyarwa a firamaren wani ƙauye bayan Kiyawa kafin a kawo mana kwamfutocin hannu. Kullum daga unguwar Limawa a Dutse nake shiga mota, in ƙarasa a babur. Ni koyarwata ta yatsa ce: in ɗora yatsan yaro a ƙarƙashin harafi, in ce faɗa in ji. Da kunne nake gane wanda ya iya da wanda ke bin bakin 'yan aji.

Da na'urorin suka zo, aka ce mu huta. Aikina ya koma jona caji da goge gilashi da bakin mayafi. Ajin ya yi tsit, kowa da abin sauraro a kunne. Ban taɓa tsoron shiru ba sai a lokacin.

Na'urorin ba su kai yawan yaran ba, sai aka haɗa su bibbiyu. Akwai wata 'yar aji shida mai sanyin hali, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Aka haɗa ta da 'yar wan babanta, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa. To, a garin ba a barin ɗan'uwa ya ji kunya a gaban mutane. Idan aka zo kan wadda ba ta iya ba, sai 'yar'uwar ta zuro hannu ta ƙarƙashin hijabi ta latsa mata amsa. Na'urar ta yi 'yar ƙara, ta nuna tauraro. Ina ta san yatsan wa ya taɓa ta?

Na gani, na kuma yi magana. Jami'in da ke zuwa duba mu ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa.

"Malama, ga sakamakonta nan, duk ta cinye. Ko kin fi na'ura sani ne?"

"Yallaɓai, a bar mini ita wata biyu kawai, bayan an tashi."

"Ba ya cikin tsari. Sa hannu a nan, cewa ta iya karatu."

Na sa. Ba wanda ya tilasta mini. Gajiya ce, da tsoron a ce tsohuwar malama tana baƙin ciki da ci gaba. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Bara na gamu da yarinyar nan mai sanyin hali a wani kantin magani a Dutse, ta rako mahaifiyarta asibiti. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Malama, don Allah duba mini. Wanne ne na safe, wanne ne na dare? Jiya na ba Inna, ta wuni ba ta san inda kanta yake ba."

Na karɓi kwalayen. Na daren ta ba ta da safe. Mai kantin ya rubuta a jiki da biro, da Hausa, manya-manya.

Na kama yatsanta na ɗora a ƙarƙashin rubutun, na ce faɗa in ji. Ta kalli haruffan, ta ɗago ta waiga gefenta, inda 'yar'uwarta ta saba zama.