Man Kaɗe a Kan Layin Dogo

Ku tambayi tsofaffin Limawa, a zamanina duk Minna babu mai zafin namana. Jirgin ƙasa na gudu nake dirowa, ko hulata ba ta karkacewa. To, ku ji abin da zafin naman ya jawo mini.

Babanmu bafataken goro ne, mukan yi watanni ba mu sa shi a ido ba. Innarmu ta rasu, ni da ƙanena Sule muna hannun kakarmu. Ranar da na fara kai mata gyaɗar da na ɗebo a tasha, ba ta tambayi inda na samo ba. Cewa ta yi, "Ayyururui, mai gidana ya fara cefane!" Ni kuwa da ma yabo ne tuwona.

A tashar na faɗa hannun wani Ɗanjuma da abokansa. Su suka koya mini a shafe layin dogo da man kaɗe a inda jirgin kaya ke hawan tudu. Ƙafafunsa su yi ta sulɓi, ya rage gudu, mu ɗare tarago muna turo buhunan gyaɗa ƙasa. In na diro su ce, "Sai kai, Barde!" Kaina ya kumbura ya fi kabewa.

Kullum ina ba Sule labari, da gishirinsa. Ran nan ya ce, "Yaya, ka je da ni mana."

Na ce, "Taho ka ga aikin maza."

Da hannuna na shafa man. Sule ya taka ƙarfen zai kama tarago, santsi ya kwashe shi, jirgi ya bi ta kan ƙafarsa. Su Ɗanjuma suka shige daji. Ina rungume da shi 'yan doka suka same ni.

Alƙali ya tura ni gidan yari. Ina can ina fasa dutse kakarmu ta rasu, bayan kuka ya cinye mata ido.

Samari, masu yi muku tafi ba sa tsayawa ɗaukar mai rauni. Iyaye, in yaro ya shigo da abu, ku tambaye shi kafin ku sa albarka. Na tuba, amma tuba ba ta tsirar da ƙafa.

Da aka sake ni na tarar Sule ya zama tela. Na durƙusa a bakin shagonsa, na ɗauko jawabin neman gafara, ina kuka ina jan ayoyi har aka kira la'asar. Ya bari na numfasa, sannan ya ce, "Yaya, na yafe tun tuni. Miƙo mini sandata, surutunka ba zai kai ni masallaci ba."