Odar Tsohuwar Bashe

Mun tashi daga Birnin Ƙonni bayan sallar asuba, kuma ba na jin akwai wanda muka bari yana barci a unguwarmu. Yayana direba ne. Da yammacin jiya ya ɗaura odar tsohuwar bashensa, a-kori-kura 'yar Faransa, a sabuwar motarsa 'yar Japan. Yana mayar da kan batir da safe, oda ta ɓarke da ihu ba wanda ya taɓa ta, har sai da ya fizge wayar.

Dalilin wannan wahala Inna ce. Idanunta sun tafi shekaru da yawa, kuma da odar nan take gane zuwan ɗanta ƙauyenmu na bayan Illela: gajeru biyu, doguwa ɗaya, daga gindin kukar bakin gari. Zuwansa na baya da sabuwar mota ko motsi ba ta yi ba, ta ɗauka ma'aikatan gwamnati ne. Da ta gane shi, sai ta yi kuka. Shi ya sa ya bi bashen har wurin wanda ya saye ta, ya roƙi odar.

Har Tsarnawa ba mu da oda. Ni ne na zama oda, ina dukan ƙofa da tafin hannu ina korar awaki da amalanken jakuna. Mun karya da ƙosai da kunu a mararraba, ƙosan dala biyar da a da yake ƙosar da mutum biyu yanzu ko ni kaɗai bai ishe ni ba. Daga nan muka ratse zuwa Malbaza, inda ƙurar siminti ta mayar da ganyen itatuwa fari, wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota wanda ya san bashen tun tana sabuwa.

Tsohon ya juya odar a hannunsa kamar ya ga tsohon aboki. "Ɗana, motarka ta da, wuta taka riƙewa a maɓalli, sai ka danna ta sako ta. Wagga kuwa wuta na bakin oda kullum. Mas taka jira, hanyar komawa ta jikin ƙarfen mota, ita maɓallin ka badawa. Kai ko ka ɗaure oda ga ƙarfe, ka ba ta hanya kyauta. Mi za ya hana ta kuka?"

"To, Baba, sai haƙuri ke nan?" in ji yayana, muryarsa ta yi sanyi.

Tsohon ya ɗauko wuƙa. Ya yanko robar tsohuwar taya, ya raba odar da ƙarfen motar, ya haɗa wayar maɓalli da jikin odar. Yayana ya danna, sai ga muryar nan mai ɗan kaushi da ta kai mu kasuwanni tun ina ɗan lakwal, ɗan makarantar boko. Gaskiya ƙwalla ta cika mini ido.

Muka koma Tsarnawa, muka yi arewa ta Badagishiri, gero ya yi kai hagu da dama. Bayan Illela hanya ta zama yashi da ramuka. Da kukar ta bayyana, yayana ya danna oda. Gajeru biyu, doguwa ɗaya.

Kafin mu kai, Inna tana tsaye a ƙofar gida, ba sanda, ba takalmi. Ta shafa gaban motar a hankali.

"Wagga ba ita ba ce," ta ce. "Amma na jiya ka tun daga kuka."

Mun kwana biyu muka dawo Ƙonni. A hanya na yi ta tunanin yadda waya ɗaya, a ba ta wuta ko a ba ta mas, ta kusa raba uwa da zuwan ɗanta. Da muka shigo gari, yayana ya kalle ni. Ya ce ko ya sake mota goma, odar nan ba ta cikin ciniki muddin Inna tana ji.