Duwatsun Iyakar Malam Souley

Shekara goma sha ɗaya Malam Souley, mutumin Maraɗi, ya yi yana jiran fasinja da tasinsa a filin jirgin JFK, kuma babu direban da bai ji daga bakinsa cewa shi ba ɗan haya ba ne. 'Yan garinsu suna cushe a benayen Bronx, shi kuwa gidansa na kansa gare shi a Staten Island, cikin wata unguwa mai shinge inda gidaje suke jere, dogaye, kamar taragun jirgin ƙasa. Har Maraɗi labari ya kai cewa Souley ya mallaki ƙasa a Amurka. Abin da yake kai wa ofishin unguwar duk wata kuwa, a fahimtarsa ladan kwashe shara ne. Yakan ce Turawa sun iya tsabta, sauƙi ne dai ba su iya ba.

Da gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ya ƙudura ya sayar da gidan ya koma Maraɗi da mutuncinsa. Nan da nan ya samu mai saye, Alhaji Ismaël, ɗan kasuwar jakunkuna a Canal Street, wanda ko ɗakunan bai leƙa ba. Shi fili yake so. Zai rushe gidan ya ta da bene, shaguna a ƙasa.

Ranar Lahadi Alhaji ya zo da shaidu biyu, kamar yadda ake yi. Aka auna filin da taku, tsawo da faɗi, Malam Souley ya kafa duwatsu huɗu masu farin fenti a kusurwoyi. Har an ɗaga hannu za a yi fatiha, sai ga manajar unguwar, wata Baturiya mai tarin mabuɗai a ƙugu. Ta nuna duwatsun, ta yi magana doguwa, ta miƙa takarda.

Malam Souley ya juya ga uwargidansa Rafia, mai aikin jinyar tsofaffi, wadda ta fi shi Turancin ofis.

"Me take cewa?"

"Cewa ta yi a kwashe, Malam, za su karya injin yankan ciyawa."

"Gaya mata iyakar filina ce."

"Wai ba ka da fili. Gidan naka ne, ƙasar ta kamfani ce, haya kake biya. Mai saye ma sai sun yarda da shi."

"Haya? Ni? Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka sa hannu. Na fara karanta maka, ka ce ba da mace ake cinikin ƙasa ba."

Alhaji Ismaël ya sauke hannunsa a hankali. "To, Malam, idan ba ƙasa, me na zo saye?"

"Gida mana, Alhaji. Ga shi a kafe."

Manajar ta durƙusa, ta janye falankin da ya rufe gindin gidan. Mazan huɗu suka sunkuya tare. Ga ƙarfen gindi kwance a kan bulo, ga tayu irin na mota, iska ta daɗe da fita daga cikinsu.

"Ashe abokin tasinka ne," in ji ɗaya daga cikin shaidun.

Alhaji ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce zai yi shawara. Shaidu suka bi shi, kowa da waya a hannu, don haka Malam Souley ya san labarin zai riga su isa Maraɗi.

Har yau yana nan a gidan, yana kuma fita da tasin. A JFK ya daina zancen ƙasa, yanzu cewa yake yi gidansa ya fi na kowa, domin in maƙwabci ya dame shi, jan abinsa zai yi ya tafi. Duwatsun huɗu bai zubar ba. Ya kare tayun da su, gaba da baya, kuma duk safiya sai ya leƙa ya tabbata gidan bai gusa ba.