Ranar da Kawu Ya Kawo Dattawa Kotun Tarayya

Wata Talata ce cikin damina, da misalin ƙarfe tara na safe, a harabar kotun tarayya da ke Birnin Kebbi. Ni ce, da kawuna masunci, da dattawa uku da ya ɗebo daga Argungu: limaminsu, da mai unguwa, da wani tsohon malamin makaranta. Ba na jin akwai ranar da wannan safiya za ta fita daga raina.

Ɗan kawun, taubashina, direban motar haya ne. An tsare shi a hanya, aka sami ƙwayoyin da doka ta hana cikin wasu kwalaye da aka ba da saƙo a tasha. In laifin ya tabbata, shekaru zai yi a gidan yari. Da yake ina aikin rediyo, Kawu ya ɗauka na san kowa.

"Ɗiyata, nuna muna mai ƙarar, mu ba shi haƙuri."

Na ce, "Kawu, gwamnatin tarayya ce ke ƙara."

"To, wane ɗaki take?"

Na yi masa bayani cewa a nan babu sulhun zaure. Alƙali ɗaya ne ke zama. Shi zai saurari shaidu, shi zai duba doka, shi kaɗai zai yanke hukunci. Kawu ya gyaɗa kai kawai, ya gyara ƙunshin goronsa.

A ciki komai a hankali yake tafiya. Fanka na juyawa, hasken hadari na shigowa ta taga, alƙali na rubuta kowace magana da hannunsa. In lauya ya yi sauri, sai ya ɗaga alƙalami, ɗakin duka ya tsaya. Har na fara ganin kamar muna cikin kwalekwale ne a fadamar Rima, ruwa na jan mu ba mai tuƙi. Daga akwatin masu laifi taubashina ya hango ni, ya motsa baki: "Mummuna, kin zo?" Ya rame ƙwarai.

Can sai Kawu ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ga liman, ga mai unguwa. Sun san kakan yaron ga."

Tafinta ya juya maganar. Alƙali ya dube shi ba tare da fushi ba, ya ce, "Baba, zauna. Wanda aka kira shaida, ya yi rantsuwa, shi kaɗai nake iya rubuta maganarsa."

Da aka tafi hutu, lauyanmu ya tambayi dattawan ko akwai wanda ya ga lodin kayan. Babu. Kawu ya ce, "Ai ɗan kamasho ne yas saka su, lokacin ɗana na masallaci. Wani baƙo yab ba shi, yac ce sabulu ne. Har ya so biyo mu, nih hana."

Lauya ya cire gilashinsa. "Baba, don me?"

"Haba! Wa ka kai ɗan tasha gaban alƙali? Ko hula ba ya sawa."

Na daɗe ina tuna wannan amsa. Kawu bai yi wauta ba. A duk inda ya taɓa kai ƙara, girman mai magana ake dubawa. A wannan ɗaki kuwa, abin da idonka ya gani ake tambaya, ko kai wane ne. Abin da na koya ke nan, kuma ya gyara mini yadda nake neman labari.

Lauya ya roƙi a ɗage zama, aka ɗage. A zama na gaba ɗan kamashon ya zo cikin aron babbar riga, lauyan gwamnati ya yi ta juya shi da tambayoyi, bai sauya magana ba. Bayan wata biyu alƙali ya karanta hukunci, ya sallami taubashina. Bai koma tuƙi ba, yanzu shinkafa yake nomawa a Zauro.