Kududdufin Bayan Gidan Baffa

Har yau in na bi ta bayan tsohuwar unguwarmu a Argungu sai na kau da kai, don kunya.

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ban daɗe da gama karatun safiyo, wato awon ƙasa, ba aka ɗauke ni aiki a wani ofishin tsara gari a Birnin Kebbi. Ga sabon babur, ga biro uku a aljihun gaba, kai kuwa ya kumbura kamar tulu. Da aka tashi gyaran tsofaffin unguwannin Argungu sai aka tura ni, tunda ni ɗan gari ne.

A bayan gidan Baffa, yayan mahaifina da ya riƙe ni tun ina maraya, akwai wani kududdufi. Nan kakanninmu suka ɗebi ƙasar da suka gina unguwar, ramin ya zauna. Rumbun geron Baffa na jingine da katangar da ke kallonsa, kuma wannan rumbu shi ke kai gidan har kaka. Ni dai ban ga komai a ramin ba sai sauro da kukan kwaɗi. Da rani na je na tarar ya bushe ƙayau, na auna, na zana jerin shaguna a kansa.

Ranar da muka zo kafa turaku ni da shugabana, Baffa ya fito da carbi a hannu. Ya gaishe mu, ya daɗe yana kallon igiyar awo, sannan ya ce, "Ɗana, ramin ga shi ka shanye ruwan unguwa. In kun toshe mai baki, ina ruwan za shi?"

Na ce za a yi kwalbati. Ya tambaya ko kafin damina. To, abin da na yi a nan shi ke ci na har gobe. Na juya wajen shugabana na ce masa da Turanci tsofaffin nan ba su san ci gaba ba, muka yi dariya. Baffa ba ya jin Turanci, amma dariya ai ba ta neman tafinta. Ya dube ni, ya ce Allah ya taimaka, ya shige gida.

Tifa ta yi ta juye ƙasa har ramin ya shafe. Takardar kwalbati kuwa ta tafi Sakkwato neman sa hannu, ta yi zamanta can. Na san ba ta dawo ba, na ga hadari ya fara haɗuwa, amma na ja bakina na yi shiru, wai kada a ce tsoho ya fi ni gaskiya. Girman kai rawanin tsiya.

Cikin tsakiyar damina aka yi wani ruwa tun azahar har bayan la'asar. Ya gangaro inda ya saba, ya tarar an rufe, ya juya cikin gidaje. Washegari wani direban motar Argungu ya biyo ofis ya ce in je gida.

Katanga ta kwanta, rumbu ya zube a cikin laka. Matan gida sun baza jiƙaƙƙen gero a tabarmi, ya riga ya fara tsami. Na tsaya da takalmina mai sheƙi na rasa inda zan sa ido. Wani maƙwabci da ya zo jaje ya fara cewa ai an san wanda ya jawo, Baffa ya tare shi ya ce ruwa na Allah ne. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da damina ta ɗauke aka tashi tayar da katanga, kuma ba inda za a samu ƙasa sai wurin nan, tunda ko tubali ɗaya ba a aza na shagunan ba. Mazan unguwa suka taru da diga da shebur, suka tsaya cirko-cirko saboda turakuna na nan a kafe. Baffa ya yafito ni.

"Kai ad da ilimin awo," in ji shi. "Nuna muna inda za mu haƙa, kada mu taɓa na gwamnati."

Na duba fuskarsa ina neman ba'a, ban samu ba. Da gaske yake. Na cire takalmi, na bi turakun ina tugewa ɗaya bayan ɗaya, na karɓi shebur daga hannun wani.

Ramin ya dawo, yana nan har yanzu. Amma a shekarar, gidan da ya ciyar da ni har na girma, da geron maƙwabta ya kai kaka.