Zane Huɗu a Jikin Vespar Baba

Ni na sa aka goge su, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni. Zane huɗu ne a jikin tsohuwar Vespar mahaifina, kuma su kaɗai suka rage a duniya na yayana Affan, wanda ya rasu yana ɗan shekara biyar. Ba ɓarawo ba ne ya yi mana ɓarnar, ba kuma council ba, wato hukumar unguwa. Ni ce, Rakiya, 'yar da ya haifa, mai shekara arba'in da shida da digiri biyu.

Duk wanda ya daɗe a unguwar Woolwich, nan Ingila, ya san mahaifina Malam Zailani, dogon tsohon nan mai hula zanna da ke tsayawa a kasuwa yana yi wa masu kifi gardama. Malamin firamare ne a Zariya kafin wata kwaleji a Bloomsbury ta ɗauko shi ya taya koyar da Hausa na shekara biyu. Shekara biyun nan ita ce har yau. Da aikin ya ƙare ya koma rarraba wasiƙu, ya yi shekara ashirin da shida yana yi, bai taɓa cewa ya gaji ba. Mutane suna tahowa Ingila da akwati, shi kuwa Baba da Vespa ya taho. A jirgin ruwa ya sako ta, ta iso bayanmu da wata uku, ya je ya tarbe ta kamar amarya.

Tun 1970 ya saye ta, ta hannu, shuɗiya mai haske. Kada Allah Ya sa ka tambaye shi labarinta kana sauri, don wallahi jirginka sai ya tafi ya bar ka. Zai ce maka bayan yaƙin duniya Italiyawa suka ƙera irinta, kuma wanda ya zana ta jirgin sama ya saba zanawa, ba ya ma son babur. Shi ya sa ya ɓoye injin a gefen dama ya rufe shi, don kada mai ya taɓa tufa. Giya a hannun hagu, tayar gaba a riƙe ta gefe ɗaya don canji ya yi sauƙi. Tsakiya kuma fili, ba sai ka ɗaga ƙafa ka haye kamar mai hawa jaki ba.

"Uwata," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wannan mutumin bai taɓa ganin babbar riga ba, amma don mai babbar riga ya yi ta. Ka shiga ka zauna da mutuncinka, ka sauka da farin kayanka."

Abin da ya fi so shi ne faffaɗan ƙarfen nan na gaba mai tare ƙafafu daga iska da taɓo. Garkuwa yake ce masa. A bayan garkuwar, a kan filin da ake sa ƙafa, nan yaro yake tsayawa tsakanin gwiwoyin ubansa ya riƙe tsakiyar kan babur. Nan Affan ya tsaya, nan ni ma na tsaya.

Kowace safiyar Babbar Sallah, kafin a tafi idi, Baba yakan auna mu. Kanmu ya wuce garkuwar, saboda haka cibiya yake aunawa. Ya ɗora yatsa a cibiyarka kana ta ƙyalƙyala dariya, ya ja yatsan zuwa ƙarfe, ya karce da mukulli. Nawa a hagu, guda biyar. Na Affan a dama, guda huɗu. Ƙyanda ta ɗauke shi kafin na biyar, lokacin ina da shekara biyu, don haka ko fuskarsa ban riƙe ba. Hotonsa guda ɗaya tak muka zo da shi, shi ma danshin flat ɗinmu na farko ya cinye shi. Bayan rasuwar Inna Hansai, mahaifiyata, babu wanda ya rage da ya san yaron nan sai Baba.

Ya daina hawa tun da gwiwa ta matsa masa, amma Vespar tana nan a ɗan filin ƙofar gida ƙarƙashin tamfol. Duk Asabar zai yaye, ya buga ta ta tashi, ta cika layi da hayaƙi, ya zauna a kai yana shan shayi hannunsa ɗaya a cikin garkuwa. Fenti ya koɗe, gefe ya lotsa, kujera an ɗaure ta da baƙin salatif. Ni dai tun ina sakandare nake jin kunyarta.

Abin ya zo wuya ne da aka sa ranar auren 'yata Zarah. Dangin mijin manya ne, irin masu gida a Abuja da gida a nan. Suka zo gaida Baba, iska kuma ta zaɓi ranar ta yaye tamfol. Uwar angon, Hajiya Muhibbat, ta tsaya ta dubi babur, ta dube ni, ta ce cikin murmushi, "Ikon Allah! Maman Zarah, ashe council ba sa kwashe irin wannan? Ai waya ɗaya za ki yi musu."

Na yi dariya. Ku ji fa, dariya na yi, har da cewa ai muna shirin yi. A raina kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ba ta san ko a wane gefe injin yake ba, ita ta hana ni barcin sati guda.

Da Baba ya tafi Umara na sati uku, na ce yawwa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na yi booking da wata Baturiya mai suna Sharon, wadda ke gyaran tsofaffin babura a wani shago ƙarƙashin gadar jirgi. Na ce ta mayar mini da Vespar sabuwa fil, yadda za a ɗauki hoton biki a gefenta. Na gaya wa kaina kyauta zan yi wa Baba. Ƙarya ce, bakin Hajiya Muhibbat nake so in rufe.

Sharon ta zagaya ta sau biyu tana shafawa. Ta ce fentin asali ne, masu sha'awar irin waɗannan sun fi son su haka da tabonsu, in bari ta gyara inji da kujera kawai. Na ce ni ba mai sha'awa ba ce, fenti nake so. Kwana huɗu bayan haka ta kira ni ina wurin aiki a Stratford, mutane sun yi layi a gabana suna jiran magani.

"Akwai wasu zane a cikin ƙarfen gaba," in ji ta. "Ba karcewar hatsari ba ce, da gangan aka yi su, a jere. Zan iya kewaye su in bar su. Kin san ko na mene ne?"

Da a ce ban sani ba, da yau ina da abin faɗa. Na sani sarai. Amma abin da ya zo mini shi ne nawa guda biyar, wasan yara, da yadda za su yi muni a tsakiyar sabon fenti. Affan bai ko gifta mini a rai ba. Na ce, "Shirme ne na yara. Goge duka." Ta sake tambaya ko na tabbata, har na yi mata tsawa na ce ina da aiki.

Ta dawo da ita tana sheƙi, shuɗin nan kamar yau aka fito da ita daga kwali. Maƙwabta suka fito suna ɗaukar hoto. Ni kuwa sai baza hanci nake.

Ranar da Baba ya dawo, da hantsi, ko hutawa ban bar shi ya yi ba. Na jawo shi waje, na yaye tamfol da kaina. Ya tsaya ya ce, "Masha Allah." Ya zagaya ta a hankali yana dogara sanda, ya taɓa murfin inji, ya danna kujera, ya ce Baturiyar nan ta san aikinta, har kalar ta dace. Sannan ya shiga ya zauna, hannunsa na dama ya tafi inda ya saba zuwa.

A lokacin na tuna. Innalillahi!

Hannun ya yi sama, ya yi ƙasa. Ya sunkuya ya leƙa. Ya ciro tabarau ya sa, ya sake leƙawa. Ya daɗe a haka, ni kuma ina tsaye riƙe da tamfol kamar wadda aka dasa.

"Baba," na ce, "ta tambaye ni. Ni na ce ta goge."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ni mai baki ce, na iya faɗa, na san yadda ake karɓarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Alheri kika nufa." Ko wannan ma ba gaskiya ba ne, kuma ina jin ya sani.

Washegari na koma wurin Sharon da gudu, ko akwai wata dabara. Ta ce an kankare har ƙarfe, an cike, an shafe. Ko hoto ba ta ɗauka ba, tunda na ce shirme ne. Ni kuwa ban iya kallon idonta ba. An yi biki lafiya. Hajiya Muhibbat ta ɗauki hoto a kan babur ɗin, tana ta yaba mini cewa na iya zaɓen kayan tarihi. Ni garin neman gira na rasa ido, ita ko a jikinta.

Asabar ɗin da ta biyo baya na je gidan da safe. Na tarar da shi a zaune a kai, shayi ya huce a ƙasa, mukulli a hannunsa. Bai tada injin ba. Ya ɗora bakin mukullin a kan sabon fenti ta dama, bai karce ba, ya ɗan matsar da shi sama, ya dawo da shi.

"Zo ki duba mini," ya ce. "Na ƙarshen nan, na shekarar da ya rasu. Shekara arba'in da huɗu ina taɓa shi, na ɗauka hannuna ya haddace. Nan ne, ko sama kaɗan?"

Na durƙusa na dubi wurin. Sumul yake, fuskata kawai nake gani a ciki. Na tsaya a filin nan sau ba adadi, zanen suna daidai gabana, ban taɓa juyawa dama na duba da kyau ba.

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ƙara gwadawa sau ɗaya, sannan ya mayar da mukullin aljihu.

"To a bar shi," ya ce. "Kada in yi wa yaron ƙarya."